Sabara da Wutar Daji

Yara, duk wanda ya shiga Kasuwar Kurmi zai ga ganyen sabara a wurin masu sayar da magani. Daga karkara ake kawo shi. Sabara ƙaramin itace ce mai ganye fari-fari, wadda ke son ƙasa mai rairayi.

Da rani, mafarauta da masu neman zuma sukan sa wa daji wuta. Ko a Dajin Falgore, kudu da Kano, ana fama da wannan ɓarna. Idan wuta ta bi ta kan sabara, ganyenta da rassanta duk sai su ƙone, har mutum ya zaci ta mutu. Amma ba ta mutu ba. Ranta yana cikin saiwarta, wadda ta nutse ƙasa inda zafi ba ya kaiwa. A can ta ajiye abincinta, kamar yadda manomi ke ajiye hatsi a rumbu. Bayan 'yan makonni, tun kafin ruwa ya sauka, sai ka ga sabon toho ya fito daga gindinta.

Saboda haka waɗansu sukan ce, "Mene ne laifin wuta, tun da itacen zai sake tohowa?" Wannan magana kuskure ce. Duk tohon da sabara ta yi, daga rumbun nan take ɗiba. In an ƙone ta bana, an ƙone ta baɗi, rumbun zai ƙare, ita kuwa ba za ta yi girma ba. Wutar bazara ta fi muni, don a lokacin ciyawa ta bushe ƙayau. Takan kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara, iska ta kwashe.

Ku dubi manoman ƙasar Maradi. Tun daga 1983 suka fara abin da suke kira sassaben zamani, watau su zaɓi toho mai ƙarfi a kan kututture, su sassabe sauran, su kiyaye shi daga wuta da dabbobi. Ta haka gonaki masu yawa suka sake samun itatuwa, ba tare da an dasa ba.

To, yara, sabara tana da haƙuri, amma haƙurinta yana da iyaka. Kada ku kunna wuta a daji. In kun ga ta tashi, ku gaggauta sanar da manya.