Filin Jirgin Mano Dayak: Kada Shiru Ya Rufe Mana Shi

Sharhinmu na yau a kan filin jirgin saman Agadas ne, wanda ake kira da sunan Mano Dayak.

Tun da farko, don kada wani ya tashi daga gaban rediyo ya kai kasuwa labarin da ban faɗa ba: ban zo da wata takarda da ta ce a rufe filin nan ba. Abin da nake tsoro ya fi takarda wuyar ganewa. A ƙasashenmu ba kasafai ake sa wa filin jirgi kwaɗo ba. Jirgin da ke zuwa sau uku a mako ne zai koma sau ɗaya. Mai sayar da man jirgi ya ga ba ciniki, ya rage abin da yake ajiyewa. A mayar da ƙwararrun ma'aikata inda aiki ya fi yawa, motar kashe gobara ta lalace a ce a jira kasafin baɗi, fitilun hanyar sauka su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da wani kamfani ya so dawowa, sai a tarar filin bai cika sharuɗɗan da dokar jiragen sama ta gindaya ba, shi kuma kamfanin inshora ya ce ba da shi ba. Mu mutanen Abzin mun san abin da ke samun rijiyar da aka daina jan ruwa a cikinta: rairayi ne ke cike ta, ba tare da kowa ya yanke shawarar kashe ta ba.

Dattawanmu da matasan jiya suna tune da lokacin da filin nan yake da rai. Mano Dayak, ta kamfaninsa na Temet Voyages, yana cikin waɗanda suka buɗe wa duniya ƙofar duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Gasar motoci ta Paris zuwa Dakar ta sha yada zango a nan, har a shekarar 1997 aka tsara ta daga Dakar zuwa Agadas, a juya a koma. Shi kansa Mano a haɗarin jirgi ya rasu, ranar 15 ga Disamba 1995, a cikin duwatsun Abzin, yana kan hanyar zuwa tattaunawar zaman lafiya. Daga baya jiragen haya na kamfanin Point-Afrique suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye a lokacin sanyi. Idan jirgi ɗaya ya sauka, ba mai otal kaɗai ke dariya ba. Direba da ɗan jagora da kuku sun samu aikin mako guda ko biyu. Maƙerin azurfa ya sayar, badukun da ke ɗinka jaka da takalmi ya sayar, mai raƙumi a Timiya ko Iferwan ya samu na hatsi, mai lambun da ya kawo tumatir da albasa ya koma gida da kuɗi.

Sai shekarar 2007 ta zo da tawayen MNJ. A watan Yuni na shekarar aka kai hari filin jirgin kansa, a watan Agusta gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, jiragen baƙi suka ɗauke ƙafa. Kafin a farfaɗo, a Satumba 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit. A ranar 23 ga Mayu 2013 aka tayar da bam a barikin soja na Agadas da ma'aikatar yuraniyom ta Somair da ke Arlit. Wata guda bayan haka UNESCO ta sa tsohon garinmu, da masallacinsa mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, cikin kayan tarihin duniya. Suna ya zo a daidai lokacin da babu mai zuwa ya gani. A 2016, albarkacin bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da aka kira Agadez Sokni, an yi wa gari da filin jirginsa gyara. Gyaran ya yi amfani, sai dai gini ba ya kiran jirgi.

Bayan masu yawon buɗe ido sai sojoji. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansani mai lamba 201 a gefen gari, jirage marasa matuƙa suka fara tashi daga can a 2019. A watan Maris 2024 hukumomin Nijar suka soke yarjejeniyar soja da ke tsakaninsu da Amurka, ranar 5 ga Agusta 2024 sojan Amurka na ƙarshe ya bar sansanin. Akwai kuma jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar abinci ta PAM ke kula da su, masu jigilar ma'aikatan agaji. Suna aikin alheri, amma talaka ba ya sayen tikitinsu, kuma kuɗin tafiyar da su daga aljihun masu ba da taimako yake fitowa. Ranar da hankalinsu ya koma wata ƙasa, jiragen za su bi su.

To a nan maganata take, jama'a. Shekaru arba'in ke nan kusan duk wani motsi mai ƙarfi a sararin samaniyar Agadas baƙo ne sanadinsa: mai yawon buɗe ido, mai tseren mota, soja, ma'aikacin agaji. Ba laifi ba ne a yi maraba da baƙo, garin nan da ayari ya ginu. Amma kowannensu da dalilinsa ya zo, kuma da dalilin ya ƙare ya tafi. Sace wasu Turawa mata biyu da aka yi a cikin garin nan a 2025, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, ya isa ya nuna mana cewa mai jiran jiragen Turai su dawo gobe zai daɗe yana kallon sama. Filin da zai dawwama shi ne wanda ɗan gari ke hawa jirgi a cikinsa.

Kuma buƙatar tana nan, ba ƙirƙiro ta za a yi ba. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 950 ne ta Abalak, Tawa, Birnin Ƙwanni, Dogonduci da Doso. Duk wanda ya taɓa shiga mota ya bi hanyar da aka shimfiɗa don ɗaukar yuraniyom tun wajen 1980 ya san abin da take yi wa ƙashin baya, ko da mai lafiya ne. To ina ga mai karaya, ko mai ciwon ƙoda, ko macen da haihuwa ta zo mata da gardama aka ce sai babban asibiti? Ina ga wanda tafiyarsa ta faro tun daga Bilma ko Dirku, wanda isowarsa Agadas ma kwanaki ce a cikin rairayi? Abin da mota ke yi yini da dare, jirgi mai farfela yana yin sa cikin sa'o'i biyu ko ƙasa da haka. Ga mai jinya, wannan bambancin rai ne. Ga kuma 'yan kasuwa, da masu aikin zinariya na Jado da Cibarakatan, da ma'aikatan Arlit, da ɗalibai, da malaman jami'a, da likitocin da za su yarda su zo su yi aikin kwana uku idan sun tabbata za su koma a kan lokaci.

Na san abin da za a ce: tikiti ya fi ƙarfin talaka, kuma jirgi ba ya tashi da kujeru wofi. Gaskiya ne. Kamfanin Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida a 2014, kuma duk mai lura ya san wahalar da ƙaramin kamfani ke sha a ƙasa mai faɗi irin tamu, inda mai ke da tsada, kayan gyara kuma sai an yo odarsu daga waje. Amma ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Amurka, uwar 'yan jari-hujja, tun 1978 take biyan kamfanoni daga baitulmali don kada su daina sauka a ƙananan garuruwa. Faransa ma tana tallafa wa jirgin da ke haɗa Paris da ƙaramin garin Aurillac. Sun ɗauki hanyar sama kamar yadda muke ɗaukar kwalta da asibiti: ba a tambayar ribar da suka kawo a ƙarshen wata. Idan akwai jihar da ta cancanci irin wannan tallafi a Nijar, ita ce wadda aka fi shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a cikinta. Doka ta riga ta ware wa yankunan da ake haƙar ma'adinai kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu. Ba zai zama ɓarna ba idan hukumomin jiha suka zauna da ma'aikatar sufuri aka duba yadda wani abu daga ciki zai tabbatar da jirgi a ranaku sanannu, mai tashi ko ya cika ko bai cika ba, da kujeru biyu ko uku da aka keɓe wa marasa lafiyar da likita ya tura. Mutum ba ya shirya tafiya da jirgin da bai san ranar zuwansa ba, shi ya sa tabbas ya fi komai jawo fasinja.

Sai maganar alhazai, wadda ta fi tsaya mini a rai. Hanyar saukar filinmu ta kai kimanin mita 3000, manyan jirage sun sha sauka a kanta. Babu dalilin da zai sa tsoho daga Tabelot ko Ingal ya fara aikin hajjinsa da galabaita a hanyar Yamai, ya kwana a gidan mutane yana jiran a kira sunansa. Ina roƙon hukumar alhazai ta COHO ta mayar da tashi daga Agadas abin da aka saba kowace shekara, a haɗa da maniyyatan arewacin Tawa idan adadi bai kai ba. Jigilar hajji guda tana tilasta a duba komai: kwastan, 'yan sanda, mai, motar gobara, fitilu. Abin da ake dubawa duk shekara ba ya ruɓewa a ɓoye.

Mu ma mutanen gari da namu aikin. Agadas tana faɗaɗa, filin kuma dab da gari yake. Kowane gida da aka gina a inda jirgi ke sunkuyowa, kowace bola da ke tara tsuntsaye a kusa da shi, kowace kafa da aka huda a shinge don akuya ta wuce ko a rage hanya, hujja ce da wata rana mai bincike zai rubuta a rahotonsa. Wannan ba sai an jira Yamai ba. Hukumar gari ce ke raba filaye, masu unguwanni sun san wanda ya huda shinge, kuma idan Mai Martaba Sarkin Abzin ya yi magana ana ji.

Ga 'yan kasuwarmu kuma, ku da kuke da rassa a Tamanrasat da Sabha da Kano da Damagaram, ku ne za ku iya zama ku ƙidaya mutum nawa ke bin waɗannan hanyoyi a wata, ku ɗauki alkawarin sayen kujeru kaza a kowane tashi, ku kai wa kamfani a rubuce. Kamfanin jirgi da lissafi yake aiki, kuma har yau lissafin da ake yi wa Agadas na baƙi ne. Ku kai musu namu, kafin a zauna tsara kasafin shekara mai zuwa.

Sai mun sake haɗuwa a sharhi na gaba. Wassalamu alaikum.