Zauren Tarbiyya: Yadda ya kamata ƴaƴanmu su koyi adabi a lise

  

A watan jiya wani uba ya tare mu bayan sallar La'asar, riƙe da ɗan littafin da ya tarar cikin jakar ɗiyarsa mai shirin jarrabawar bak. Ya ce mushensu ya umarce su da su haddace wani wasan kwaikwayo, su yi shi gaban aji. Tambayarsa ita ce: wannan karatu ne ko shashanci? Da muka duba, sai muka ga L'Avare ne na Molière, wanda aka fara nunawa a Faransa a 1668, labarin dattijo marowaci da son kuɗi ya shiga tsakaninsa da ƴaƴansa.

Mun yaba wa wannan uba, domin ya buɗe jakar. Amma abin da ya fi damunmu shi ne yaran da ba sa karanta littafin sam. Sukan sayi ƴan takardun taƙaitawa, su haddace sunayen taurari da jigogi, ranar jarrabawa kuwa a ajiye masu nassin da ba su taɓa gani ba, a ce su yi sharhi, sai ido ya raina fata. Adabi kashi uku ne, waƙa da zube da wasan kwaikwayo, kowanne da ƙofar shigarsa, kuma dukkan ƙofofin nan muna da su a gida.

Ƙofar waƙa kunne ne. Mu da muka tashi a zauren malamai mun rera Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Albusiri tun kafin mu san ma'anarsu. Daga baya aka koya mana ilimin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 2 na Hijira. A kan irin waɗannan ma'aunai Nana Asma'u da Aliyu Namangi suka gina waƙoƙinsu na Hausa. Yaron da kunnensa ya saba da wannan ba zai sha wuya ba wajen jin ɗangon waƙar Faransanci mai gaɓa 12 da tsayawa a tsakiya. Saboda haka muna roƙon malamai su fara da karanta waƙar da murya, sau biyu ko uku, kafin su rubuta komai a allo.

Ƙofar zube haƙuri ne. A zaure ba wanda ke cewa ya sauke Ahalari ko Risala don ya ji taƙaitawarta. Baƙi bayan baƙi ake bi. Haka ya kamata a bi L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, ɗan Senegal, da ya fito a 1961. Labarin Samba Diallo ne, yaron da aka ɗauke daga makarantar allo aka kai lakkwal, har ya je Faransa ya komo zuciyarsa a rabe. Wane gida ne cikinmu bai san wannan ba? Haka kuma Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, wanda ya ɗauko tarihin yaƙin Lugu na 1899. Babi guda a mako, a tattauna shi a aji, ya fi taƙaitawa goma.

Ƙofar wasan kwaikwayo kuwa tsayuwa ce, domin an rubuta shi ne a faɗa da baki, a nuna da jiki. Mu ma mun san shi: cikin watan azumi yara na tashe, suna kwaikwayon marowaci da malalaci da mai kwaɗayi, manya na dariya suna gane kansu. Hukuncin fiƙihu mun bar wa malamanmu, amma iyakokin da kowa ya sani muna tunatarwa: a kiyaye sutura da kunya, kada a yi izgili da addini, kada a kwaikwayi annabawa, kada a tilasta wa yarinya rawar da za ta zubar mata da mutunci. Malamin da ya sanar da iyaye tun farko, ya gayyace su kallo, ya rufe ƙofar zargi.

Shawarar da muka ba wancan uba ita ce ya sa ɗiyarsa ta riƙa karanta masa fitowa guda bayan sallar Isha'i, ta fassara masa da Hausa. Abin da bai gamshe shi ba ya tambaye ta, in ta kama ya je ya ga mushen. Mun sake haɗuwa da shi ranar Juma'a. Ya ce sun kai rabin littafin, kuma dattijon nan ya tuna masa da wani kawunsa.

Wannan aiki ba ya bukatar uba ya iya Faransanci. Rabin sa'a kawai yake bukata. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya so.