Wanda Ya Ƙi Fita Zaɓe, An Zaɓa Masa

 

Ya 'yan'uwa, muna son mu yi tunatarwa a kan wata mas'ala da ta shafi jama'ar Sule Tankarkar da maƙwabtansu na Gumel da Maigatari da Gagarawa, waɗanda masarauta ɗaya ta haɗa su, kuma suke tarayya a kujera guda ta Majalisar Wakilai ta Tarayya. Mas'alar kuwa ita ce ƙaurace wa rumfar zaɓe.

Duk wanda ya bi tarihin siyasar wannan yanki ya san cewa jam'iyya ɗaya ba ta taɓa dawwama a kanmu ba. A 1979, muna cikin tsohuwar jihar Kano, PRP ce ta kafa gwamnati da Abubakar Rimi. Da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991, SDP ta zo da Ali Sa'ad Birnin Kudu. A 1999 APP ta zo da Saminu Turaki, a 2007 PDP ta zo da Sule Lamido, a 2015 kuma APC ta kayar da jam'iyya mai mulki, Badaru Abubakar ya hau, Sani Zorro ya tafi majalisa da sunan waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan mai cewa ƙuri'ar talaka ba ta sauya komai.

Amma abin takaici, masu fitowa sai raguwa suke yi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, kimanin kashi 69 cikin ɗari na masu rajista a Nijeriya suka fito; a 2023 kuwa, kimanin kashi 27 ne kawai. A Jigawa, masu rajista a 2023 sun haura miliyan 2 da dubu 300, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan ɗaya ba. Bola Tinubu ya sami 421,390, Atiku Abubakar 386,587, tazarar da ba ta kai dubu 35 ba. Ashe kenan waɗanda suka zauna gida sun fi magoya bayan kowane ɗan takara yawa nesa ba kusa ba.

Dalilai ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, zaɓe yana faɗowa a lokacin rani, lokacin da samarinmu suka gama girbin gero da riɗi suka tafi ci-rani Kano ko Legas, alhali katinsu na mazaɓar ƙauyensu ne. Na biyu, a 2023 ƙarancin takardar Naira ya hana da yawa kuɗin mota. Na uku, kuma mafi hatsari, yanke ƙauna: mutum ya ce duk kanwar ja ce, ya juya ya kwanta.

To, ya ɗan'uwa, kai ka bar siyasa, ita ba ta bar ka ba. Da gwamnati ta rufe iyakoki a Agustan 2019, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta ji a jikinta, har sai Disamban 2020 aka buɗe. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris ɗin 2024 aka ɗage. Da aka yi jayayya a kan gonakin Gagarawa da aka ware wa kamfanin rake, hukunci yana hannun waɗanda aka zaɓa ne. Haka taki da ruwan sha da asibiti da makaranta. Kuma gwargwadon yadda mutanen kirki suka janye, gwargwadon yadda saye da taliya da sabulu yake yi wa mai kuɗi araha, domin ƙuri'un da yake bukata sun ragu.

Ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa amana ce. Ba a ɓoye ta, ba a sayar da ita. Saboda haka muke kira ga mai ci-rani da ya tsara tafiyarsa yadda zai dawo, ko ya nemi hukumar zaɓe ta INEC ta mayar da rajistarsa inda yake zaune, domin doka ta yarda. Magidanta su sauƙaƙa wa iyalansu fita cikin mutunci. Malamai su faɗakar tun kafin lokaci, ba tare da sun zama 'yan kamfen ɗin kowa ba. Idan ɗan takara ya zo, kada mu tambaye shi me ya kawo mana. Mu tambaye shi me ya yi da amanar baya, me kuma zai yi game da iyaka da gona da ruwa.

Allah Ya ba mu shugabanni na gari, Ya sa mu cancance su.