Wai Kimiyya Ta Fi Ƙarfin Yaran Ƙanƙara?

Tunda aka dawo mana da tsohuwar waƙar "sana'a ta fi digiri", wasu manya sun samu bakin magana. Wai sayen na'urorin sanyaya abu a ɗakunan gwajin jami'a almubazzaranci ne, yaran Faskari da Sabuwa su koyi ɗinki da walda su huta. To, sannunku da hikima! Naku 'ya'yan da ke Ingila walda suka je koyo?

Ga almubazzarancin nasu. A 1986 masana kimiyya Bednorz da Müller suka gano a Zurik cewa wani nau'in tangaran, idan ya sha sanyi, yana wucewa da lantarki ba tare da asarar ko ɗigo ba. A 1987 aka haɗa wanda ruwan naitirojin ya ishe shi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ba sai ruwan hiliyom mai ɗan karen tsada ba. Ɗan baƙin faifai ne kamar kwabo. Ka tsoma shi, ruwan na tafasa yana farin hayaƙi, ka ɗora maganaɗisu a kai, sai ya tashi ya tsaya a iska. Amma a cikinsa siraran zaren maganaɗisu kan yi tsalle daga gurbi zuwa gurbi, wannan ƙugin ne ke ɓata awo, kuma ana kama shi da tulun sanyi mai garkuwa da na'urar SQUID mai auna maganaɗisu. Da irinta ake auna maganaɗisun zuciya, da irinta ake neman ma'adinai, mu kuwa namu ma'adinan sai baƙi sun zo sun auna mana.

Za a ce tsaro ne a gaba. Mun ji. Yara sama da 300 da aka kwashe ranar 11 ga Disamba 2020, daga ina aka kwashe su? Daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Iyayensu sun riga ku sanin darajar kimiyya. Tukuicinsu shi ne rufe makarantun kwana, a 2021 kuma aka datse musu layin waya.

Batun rashin kuɗi kuwa kada ma a fara. A 2023 an samu na dirka-dirkan motocin 'yan majalisa. Yarjejeniyar 2009 da ƙungiyar malaman jami'a ASUU ce kawai aka yi ta jan ƙafa a kanta, har ɗalibai suka zauna wata takwas a gida a 2022, masu yi mana wa'azin sana'a ko tari ba su yi ba.

Ya kamata asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya kafa ɗakin gwajin sanyi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da wutar da ba ta ɗaukewa, a riƙa kai ɗaliban Ƙanƙara su gani da idonsu.