Wa Ya Bar Hatimi A Bakin Ƙofa?

Jama'ar Kankiya da Kusada, ku saurara. Wasiƙar imel takan faɗo wayar ɗan kasuwa da sunan banki ko ofishin gwamnati, wai ya turo lambar sirrin katinsa ko a rufe masa asusu. Ya duba adireshi, ya ga sunan daidai yake, ya tura. Kafin la'asar jarin hatsinsa ya tafi. Sai manya su ce wai jahilcinsa ne ya ja masa. Mu kuwa mun ce ƙarya ne!

Tun 1982 da aka tsara hanyar aika imel ba a sa mata mai gadi ba. Kowane ɗan damfara yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikowa, kamar mai buga hatimin hakimi a takardar da hakimi bai san da ita ba. Amma an daɗe da samun magani. SPF shi ne jerin kwamfutocin da ofis ya yarda su aika wasiƙa da sunansa. DKIM sa hannu ne na lissafi, in an taɓa wasiƙar a hanya sai ya lalace. DMARC kuwa, wanda ya fito a 2012, umurni ne daga mai suna zuwa ga masu karɓa: wasiƙar da ba ta zo da shaida ko ɗaya cikin biyun nan ba, ku mai da ita. Layuka kaɗan ake rubutawa a rajistar sunan ofis. Ba kwangila, ba kashi goma, watakila shi ya sa wasu ba su ɗokinsa.

A 2017 gwamnatin Amurka ta tilasta wa ma'aikatunta su yi. A 2024 Google da Yahoo suka ɗora wa masu aika wasiƙu da yawa. Mu fa, ba mutane ba ne?

'Yan'uwa, ko an yi wannan, ɓarawo zai iya sauya harafi ɗaya a suna, don haka kada ku ba kowa lambar sirri. Amma duk ofishin da ya bar hatiminsa a bakin ƙofa, shi ma a tuhume shi. Muna kira ga NITDA, mai riƙe da sunayen .gov.ng, ta wajabta DMARC mai mai da jabu, kuma wakilinmu na Kankiya, Ingawa da Kusada ya tashi a majalisa ya tambayi ranar da za a gama.