Me Na Yi wa Allah?

Akwai tambayar da ba a yin ta a gaban taro. Ba za ka ji ta lokacin ba da shaida ranar Lahadi ba, ba kuma za ka ji ta a taron addu'a na tsakiyar mako ba. Sai an tashi daga sujada, an rage mutum biyu ko uku a gindin bishiya, ko kuwa a gidan makoki bayan an naɗe tabarmi, sannan wani ya sassauta murya ya ce, "Ni kam me na yi wa Allah?" Gwauruwar da ta binne miji da ɗa a shekara guda tana yin ta. Magidancin da ya kai shekara yana yawo da takardunsa ba aiki yana yin ta. Haka manomin da ya bar dawarsa a gona ta nuna, ya kasa zuwa girbi saboda 'yan bindiga.

Ban ɗauki wannan tambaya saɓo ba. Mai yin ta bai bar Allah ba, shi ya sa yake tambayarsa. Abin da yake ci mini rai shi ne irin amsar da mu Kirista muka saba bayarwa.

Wahalar dai ta gaske ce, ba wanda ya ƙirƙire ta. Tun a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 a Nijeriya suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban. Ran 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da kuɗin mudun masara suka bi bayanta. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ruwan nan bai tsaya a ƙofar kowa ya tambayi addininsa ba, bai kuma ware gidan mai azumi da gidan mashayi ba. Mai hatsi a kasuwa ma farashi ɗaya yake faɗa wa limami da fasto.

Duk da haka an sami masu wa'azi da suka mai da wahalar mutane jari. Za su ce maka rashin haihuwarka la'anar kakanni ce, rashin cinikinka zunubin ɓoye ne, ciwon ɗanka kuwa don ba ka fid da zakka daidai ba ne. Maganin yana hannunsu: ka "shuka iri", ka sayi man shafewa, ka karɓi hankicin da aka yi wa addu'a. Mace ta sayar da akuyarta ɗaya tak, ta sa kuɗin a ambulan ta kai gaba. Wata ya wuce, wata biyu, ba abin da ya sauya. Ta koma, sai a ce mata bangaskiyarta ce ta gaza. Ta zo da talauci kaɗai, ta koma gida da talauci da kuma zargin kai, ga shi babu akuya. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi riƙe da Littafi Mai Tsarki.

Kuma ba sabon abu ba ne. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma nan ne kaɗai suka kyauta. Da suka buɗe baki sai suka dage lalle akwai abin da ya aikata a ɓoye. A ƙarshen littafin Ayuba, Allah da kansa ya husata da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka shiga neman mai laifi tsakaninsa da iyayensa, Yesu ya wanke su duka. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta rushe a kansu, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mazauna Urushalima laifi. Bai ce su salihai ne ba. Ya juyo da maganar kan masu sauraro, ya ce kowa ya tuba. Wato mai rai da mamaci, mai ƙoshi da mai yunwa, duk buƙatarsu ɗaya ce a gaban Allah, kuma ba a gane matsayin mutum a wurinsa ta hanyar duba tukunyarsa.

Labarin da na fi so mu tsaya a kansa yana Markus sura 2. Yesu yana cikin wani gida a Kafarnahum, jama'a sun cika har bakin ƙofa. Mutum huɗu suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa, suka rasa hanya, suka hau soro, suka ɓarke rufin gidan mutane, suka zuraro shi gabansa. Ka dubi waɗannan huɗun, gumi na zuba, ƙura a ka, suna leƙe ta ramin da suka haƙa. Abu ɗaya suka zo nema, ƙafafun abokinsu. Amma maganar farko da ta fito daga bakin Yesu ba ta ƙafa ba ce. Ya kira mutumin ɗansa, ya kuma sanar da shi an gafarta masa zunubansa.

Na tabbata a cikin taron an sami wanda ya ce a ransa, wa ya kawo zancen zunubi a nan? Amma sa kanka a madadin mutumin. A garin da kowa ya ɗauka nakasa hukunci ce, ya yi shekaru a kwance yana kallon rufi, yana jin raɗa, yana ganin yadda ake kau da kai in an wuce shi. Ciwon da ke jikinsa kowa na gani. Na zuciyarsa kuwa, wato tsoron cewa Allah ya juya masa baya, shi kaɗai yake kwana da shi. Wannan ciwon na zuciya Yesu ya fara taɓawa. Warkarwar ta biyo baya, kuma labarin ya nuna ya yi ta ne don malaman Attaura da ke gunaguni su san yana da ikon gafarta zunubi. Mutumin ya naɗe shimfiɗarsa ya fita a idon kowa. Wata rana kuma ƙafafun nan sun tsufa, sun kwanta a kabari kamar na kowa. Abin da aka ba shi da fari ne ya bi shi har can.

Duk wanda ya taɓa cin bashi a wurin mai shagon unguwa ya san yadda abin yake. Sunanka yana cikin ɗan littafin nan mai baƙin bango: garin kwaki mudu biyu, sabulu, man gyaɗa rabin kwalba. Ƙarshen wata ya zo ba ka da shi, sai ka sake hanya. Ka zagaya ta bayan layi, ka aiki yaro maimakon ka je da kanka, in ka hango shi a wurin biki ka sunkuyar da kai. Haka mai ɗauke da laifi yake zama da Allah. Yana zuwa majami'a amma addu'a ta gagare shi, don yana jin ba shi da fuskar roƙo. Bishara kuwa ta ce an biya. Bulus ya yi wa Kolosiyawa bayanin da irin wannan hoton, cewa takardar bashin da ke kanmu an soke ta, an kafe ta a kan gicciye. Ba ragi aka yi mana ba, ba kuma ƙarin wa'adi ba. Wani ne ya biya da jininsa, saboda alheri, ba don mun cancanta ba. Wanda ya gaskata wannan zai iya kwana da yunwa, amma ba zai zagaya ta bayan layi ba. Zai shiga ta ƙofar gaba ya faɗa wa Ubansa yana jin yunwa, ya yi kuka in kukan ya zo, har ya yi tambayarsa ta "me ya sa" ba tare da tsoron za a kore shi ba.

In kana son ganin wannan bangaskiya a tsaye da ƙafafunta, dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda aka kafa tushenta a Garkida a 1923. Yawancin 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban 2014 Boko Haram ta kama hedikwatarta da ke Kwarhi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. An ƙone majami'unta masu yawa, an kashe membobinta, an watsa sauran a sansanoni har cikin Kamaru. Da wahala ma'aunin zunubi ce, da sai mu ce babu masu zunubi a ƙasar nan kamarsu. Wa zai iya buɗe baki ya faɗi haka? A Janairu 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A bidiyon da masu tsare shi suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin duk halin da mutum ya sami kansa yana hannun Allah, ya kuma roƙi a kula da iyalinsa. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Bai sami kuɓuta irin wadda muka yi ta roƙa masa ba. Amma natsuwar da muka gani a fuskarsa ba ta mai jiran sakamakon shari'a ba ce, ta wanda ya san an riga an gama tasa shari'ar ce a gaban Allah.

Kada wani ya ɗauka ina cewa zunubi ba ya jawo wahala. Yana jawowa ƙwarai. Wanda ya kai albashinsa gidan burukutu ko shagon caca, 'ya'yansa suka rasa kuɗin makaranta, kada ya ɗora wa maƙiya ko mayu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Irin wannan tuba yake bukata, ya furta, ya juyo, ya mayar da abin da ya ci na mutane kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi. Gafara kuma ba kullum take ɗauke sakamakon abin da aka shuka ba. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ya sami alkawarin Firdausi a ranar, amma ba a sauko da shi daga gicciyen ba.

Haka nan ba na so a ari wannan magana a rufe bakin talaka. Masu mulki suna son kalmar "a yi haƙuri", wasu shugabannin addini kuma suna taya su rera ta. Samun gafarar Allah bai hana ka tambayi inda kuɗin asibitin garinku ya shiga ba. Annabi Amos makiyayi ne, amma ya tsaya ya tona asirin masu ha'incin mudu da masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Gwauruwar da ta yafe wa wanda ya kashe mijinta ta sauke wa ranta ƙiyayya ne, ba ta rufe kotu ba, kuma bai kamata wani ya tilasta mata yafewar tun hawayenta bai bushe ba.

Saura mu dubi cikin gida. A ikilisiyoyinmu da yawa akwai bencin baya, inda ake zaunar da wanda aka sa ƙarƙashin horo. Horo yana da gurbinsa, ban ce a soke shi ba. Amma kowa ya san wa ya fi zama a bencin nan: yarinyar da cikinta ya fito. Ana karanta sunanta a gaban jama'a, a hana ta Jibin Ubangiji, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa. Wanda ya yi mata cikin, musamman in ɗan wani ne, ko mai ba da gudummawar siminti, sau da yawa yana zaune a gaba da babbar rigarsa. Ita kuma ko an ɗage horon, ba ya ɗaguwa a bakin mutane. Shekara goma sun wuce, ana zancen aurenta, sai ka ji an ce, "Ai ita ce wadda..." Ta yaya za ta gaskata Allah ya soke bashinta alhali mu muna riƙe da kwafin takardar?

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka fi bukatarsa. Bayan tashin Yesu daga matattu, a bakin tekun Galili, ya ba shi karin kumallo na kifi da gurasa, ya tambaye shi ƙauna sau uku, ya damƙa masa kiwon tumakinsa a gaban sauran almajirai. Musun a fili aka yi shi, maidowar ma a fili aka yi ta.

Saboda haka ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya: duk horon da za a sa, a faɗi ranar ƙarewarsa tun farko, a kuma sa shi a kan namiji da mace, mai kuɗi da marar shi. Ranar da ya ƙare, a sanar daga bagadin da aka karanta sunan, da murya irin wadda aka karanta shi. Iyayenmu na Zumuntar Mata su taso su kamo hannunta daga bencin baya su kawo ta cikinsu. Gwauruwar nan da magidancin nan kuma, kafin mu buɗe musu aya, a sami mutum huɗu da za su kama kusurwar shimfiɗarsu: wani ya kai mudun hatsi, wani ya biya kuɗin zangon karatu ɗaya, wani ya raka su asibiti, wani ya zauna da su ya yi shiru. Baikon Lahadi ɗaya a wata zai iya fara wannan aiki, ko da ginin sabuwar majami'a zai jira wata shekara.