Wagadugu: hayaƙin da ido ba ya gani a Wemtenga, wa zai auna shi?

A watan Fabarairun 2020, ministocin muhalli da na makamashi na ƙasashen CEDEAO sun haɗu a Wagadugu, suka amince cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita yankin sai ta cika ma'aunin hayaƙi na Euro 4. Burkina Faso da Nijar da Mali sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Yanzu gwamnatocin AES ne za su ce ko ƙa'idar tana nan, kuma hukunci irin wannan ba ya yiwuwa sai da awo.

Abin da ya kamata a fara aunawa shi ne iskar NO2, wadda ke fita daga injin babura da motocin gazuwal da tashoshin lantarki masu ƙona mai. Tana tayar da asma, tana kumbura hanyoyin numfashi, musamman ga yara. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakarta ta shekara daga mikrogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik ta iska. Masu shaguna da masu tireda a Wemtenga, bakin babban titin da aka sauya wa suna zuwa Thomas Sankara a 2023, su ke shaƙarta daga safe har magariba. Ƙurar hunturu kowa na ganinta, ita kuwa wannan ba a gani.

Ƙananan na'urori masu arha da ke aiki da sinadari sukan rikita NO2 da iskar ozon, zafi da laima kuma suna karkatar da lissafinsu. Na'urorin haske sun fi tantancewa: NO2 tana shanye shuɗin haske, don haka ana haska fitila shuɗiya tsakanin madubai biyu, a auna abin da ya ragu. Da irin wannan dabara tauraron Sentinel-5P na Turai, wanda aka harba a 2017, yake auna ta daga sama. Sai dai kowane ɗigo na hotonsa ya kai kilomita 5.5 a tsawo da 3.5 a faɗi, ya haɗiye unguwanni da dama, kuma da tsakar rana yake wucewa, ba lokacin cunkoson safe da yamma ba.

Na'urar haske tana da tsada, kuma ƙura na dusashe madubanta idan ba a tace iskar ba. Duk da haka, ko ƙwara biyu a bakin manyan tituna sun isa a riƙa daidaita masu arhar da za a rarraba cikin unguwanni.